Zobba Uku a Jikin Mazari

Yayana Panfilo Colasante ya rasu bara, ƙarshen kaka, kuma har yau ban gama jin haushinsa ba. An ce mutuwa tana wanke mutum. To shi dai ta wanke shi tas, ni ta bar ni da dattina. Duk wanda na haɗu da shi a dandalin Roccafusa sai ya riƙe hannuna ya ce, "Malam Ermete, an yi rashin mutum," kamar ni ban san wanda aka rasa ba. Da ni ne na mutu, na san abin da za su faɗa. Cewa za su yi, "Allah sarki, ƙanen Panfilo."

Babanmu Serafino mai juya itace ne, kamar babansa, kamar rabin mazan garinmu a wancan lokacin. Yana da keken sassaƙa irin na da, wanda ake takawa da ƙafa kamar keken ɗinki, itacen yana juyawa kana ɗora masa ƙarfe yana cin abin da ba ka so. Mazarai na kaɗin ulu yake yi, da ƙafafun kujeru, da sandar murza taliya. Keke ɗaya ba ya ciyar da gida biyu, saboda haka a gidajen masu juyi akwai dokar da ba wanda ya rubuta: ranar da ƙaramin ɗa ya cika shekara goma, sai a ba kowane ɗa guntun itace ya yi mazari. Uwa ce alƙali. Za ta ɗaura zare ta kaɗa, ba tare da ta san na wane ne ba. Wanda nasa ya juya daidai shi ke gadar keke. Ɗayan kuma sai ya nemi tumaki, ko jirgin ruwan Amurka, ko makarantar limaman coci.

Ina da shekara goma, Panfilo yana da sha biyu. A lura da wannan, shekara biyu ya ba ni, kuma ba wanda ya taɓa sa su a lissafi. Inna ta kaɗa nasa, ya tsaya cak a iska yana juyawa kamar barci yake yi. Ta kaɗa nawa, ya kama tangaɗi kamar wanda ya dawo daga bikin girbin inabi. Ba wanda ya yi dariya, da ma sun yi. Baba dai ya ɗora tafin hannunsa a kan Panfilo ya bar shi a can, ya ce, "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Ni kuma ya dube ni ya ce, "Kai kana da kai, Ermete. Fadan coci zai san yadda zai yi da kai." Tun daga ranar ban sake taka ƙafata a cikin shagon nan ba, sai bayan shekara arba'in da biyu.

Kowa a gari ya ɗauka ni na ci riba. Na tafi birni, na koyi Latin, na gudu kafin a naɗa ni fada, na dawo na zama malamin sakandare a garin da ke ƙasan dutse. Ina da kwat, ina da jaka, ina da tabarau. Panfilo kuwa aji uku ya yi, sa hannu ma sai ya fito da harshe waje. Amma shi ne in ya shigo shagon shan kofi ake matsa masa kujera. Shi ake kira rabon faɗa, shi ke riƙe jarirai ranar baftisma, har ya rasa adadin 'ya'yan da ya tsaya wa. Shi ya auri Concezia, wadda in ta yi dariya a ƙasan layi ana jin ta a bakin coci. Hannayensa kamar faranti, gashinsa kullum da garin katako, kuma ban taɓa ganin ya yi sauri ba. Ni na san harshen da aka mulki duniya da shi, amma ko karen gidansa in na kira shi sai ya fara duban Panfilo tukuna.

Duk Lahadi a teburinsu nake cin abincin rana, don ban yi aure ba. Concezia takan tare ni tun daga ƙofa.

"Ga tuzurun gidanmu! Yau ma kai kaɗai? Ina matar da ka ce za ka kawo?"

"Tana nan zuwa."

"Ai ta daɗe a hanya. Ko ita ma da Latin take tafiya?"

Panfilo kuma ya ɗago daga kujerarsa ya ce, "Ƙyale Sarkin Takarda ya zauna. Malam, yau wane mamaci ka tono?"

Abin da yake nufi shi ne aikin da na ba rayuwata. Shekara ashirin da biyu ina bin tsofaffin littattafan coci-cocin kwarinmu, waɗanda limaman zamanin da suka rubuta da Latin, ina tsinto kalmomin da ba a cika gani ba. Kowace kalma da ɗan katinta, katunan kuma a kwalayen takalmi, kwali talatin da ɗaya. A cikinsu duka akwai guda da nake ji da ita kamar 'yar fari: detornare. Tornare kowane ɗalibi ya san ta, juya itace ne a keke. Amma detornare sai an tona. A duk rubutun Rumawan zamanin da, bai fi a ƙirga ta da yatsun hannu ɗaya ba. Wani ya yi amfani da ita a kan zobban labule da ake yi da ƙodagon goruba a Masar, wani kuma a kan goge magana har ta fito sumul. Sai ga ta, ni Ermete, na same ta a garinmu, a wata shari'ar aure ta shekarar 1642.

Ga yadda shari'ar take. Wani saurayi mai juyi ya nemi wata yarinya, daga baya ya ga wata mai tumaki ɗari ya ce shi bai taɓa yi wa ta farko alkawari ba. Yarinyar ta kai ƙara kotun bishop. Magatakarda ya rubuta cewa saurayin detornavit zobba uku a jikin mazari ya ba ta, ita kuma ta fito da mazarin a gaban alƙalai ta girgiza shi, suka ji ƙararsa, suka ce alkawari ya tabbata.

Na je Napoli saboda wannan kalma. Na je Roma sau biyu, na zauna a ɗakunan karatu har gindina ya mutu. Na dawo na rubuta 'yar maƙala mai shafi huɗu, wata ƙaramar mujalla ta buga. Na ce ma'anarta a nan ita ce zana layi a kewayen itace yayin da yake juyawa, wato saurayin ya yi wa mazarin ado da zane uku masu kama da zobe. Batun ƙarar da alƙalai suka ji kuwa, tunda zane ba ya ƙara, sai na ce magatakarda ne ya yi kuskure. Mutumin ya shekara ɗari uku a kabari, ba zai tashi ya yi mini musu ba. Ranar da mujallar ta iso na karanta musu a tebur, na fassara musu shari'ar kalma bayan kalma. Concezia ta buɗe baki za ta yi magana, Panfilo ya miƙa mata kwanon cuku ya ce, "Zuba wa Malam, ya sha aiki." Ban kawo komai a raina ba.

Shekara shida bayan haka, cikin bazarar 1974, wasiƙa ta zo mini daga arewa. Wata Farfesa Altea Morandin ce, tana cikin masu haɗa wani babban ƙamus na Latin ɗin da aka rubuta a ƙasarmu bayan zamanin Rumawa. Sun iso harafin D. Ta ga maƙalata, tana so ta zo ta ga littafin cocin da idonta, kuma in komai ya yi daidai za a sa sunana a ƙarƙashin kalmar. Layi ɗaya ne, ƙanana-ƙananan haruffa. Amma irin wannan ƙamus ba ya mutuwa. Kujerun Panfilo za su karye, mazaransa gara za ta cinye, sunana yana nan a Roma da Berlin. Na karanta wasiƙar sau tara a tsaye. A karo na farko tun ina ɗan shekara goma na ji ina da abin da ba shi da shi.

Kuskurena shi ne abinci. Ba zan iya kai babbar baƙuwa ɗakina mai warin takarda in ba ta burodi da cuku ba, dole na roƙi Concezia. Kafin ranar na ja kunnen Panfilo.

"Yaya, don Allah, ka karkaɗe kanka. Kuma maganar manya za a yi, ba sai ka sa baki ba."

"Ni? Me na sani? Ni dai tsire zan gasa."

Farfesa ta zo, 'yar siririyar dattijuwa da takalmin hawan dutse. Da safe Fada Liborio, limamin cocinmu, ya buɗe mana littafin, ta duba, ta kwafa, ta ce karatuna daidai ne harafi da harafi. Na fito daga coci ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Da rana muka zauna a tebur. Taliya da miyar rago, tsiren tunkiya, giyar inabin da Panfilo ke ɓoye wa manyan baƙi. Ta ci kamar mai noma, Concezia ta ƙaunace ta nan take. Ana cikin cin tuffa sai Farfesa ta ce, "Abu ɗaya ne ya tsaya mini a wuya, Malam Colasante. Ƙarar nan. Magatakardan nan na bi shi shafi sittin ban ga ya yi kuskure ko ɗaya ba. Me zai sa ya ce sun ji ƙara?"

Na gyara tabarau zan fara bayani, sai na ji Panfilo ya ajiye kofinsa.

"Ranki ya daɗe, a yi mini afuwa, ni jahili ne. Ƙanena cewa ya yi zane uku?"

"Haka ya ce."

"Zane." Ya juya ya kalli matarsa. "Concè, da zane uku na kawo miki, da kin aure ni?"

"Da na kwaɗa maka shi a ka. Zane ai ko akuya aka ɗora a keke za ta yi."

"Yaya," na ce, "wannan ba maganar shago ba ce."

"Ashe? To ni na ji an ce mai juyi, an ce mazari, na ɗauka ta shago ce. Ranki ya daɗe, in ba za ki damu da ƙura ba, taku goma ne daga nan. Gani ya kori ji."

Ta miƙe tun bai rufe baki ba. Ni ma dole na bi su. Haka na shiga shagon babanmu da kwat da tabarau, ina ɗan shekara hamsin da biyu. Warin bai canza ba.

Panfilo ya ɗauki guntun itacen ceri ya ɗaura. Ya fara taka keke, a hankali, yana yi wa Farfesa hirar tumaki kamar ba aiki yake ba. Cikin ɗan lokaci siffar mazari ta fito, amma a tsakiyarsa ya bar wani tudu a kewaye. Sai ya buɗe wata 'yar aljihun tebur ya ɗauko ƙarfen da ban taɓa gani ba, siriri mai lanƙwasasshen baki kamar ƙugiya. Ya daina magana. Ya shigar da bakin ƙarfen ta ƙarƙashin tudun daga dama, ya ci, ya ci. Ya koma ta hagu. Ƙafarsa ba ta canza taki ba, numfashinsa ma da kyar ake ji. Sai muka ji ƙas, tudun nan ya rabu da jikin itacen ya zama zobe, ya kama rawa shi kaɗai a kan mazarin. Ya yi na biyu. Ya yi na uku. Ya sauke mazarin, ya hure ƙura, ya girgiza shi kusa da kunnen Farfesa. Ƙaras, ƙaras, ƙaras.

"Gwada cirewa, ranki ya daɗe."

Ta ja sama, kan mazarin ya tare. Ta ja ƙasa, cikinsa ya tare.

"Ba sa fita," in ji Panfilo. "Itace ɗaya ne da su da uwarsu. Ba sa su aka yi ba, a nan aka haife su. In kana son raba su sai ka fasa. Shi ya sa in saurayi ya ba yarinya, magana ta ƙare. In aka fasa aure, a gaban iyaye ake fasa zobban. Yarinyarku ta girgiza, an ji uku suna nan lafiya, to ina wani musu? Ɗan banza ne kawai ya ga tumaki."

Farfesa ta zauna a kan wani kututture, ƙura ta ɓata mata siket ba ta kula ba. Idonta ya kawo ruwa. "Juyawa har abu ya rabu ya tsaya da kansa," ta ce. "Zobban labulen ma haka ne. Shekara talatin ina karanta wannan kalma, yau na gan ta." Ta kama hannunsa da hannu biyu. "Maigida, wa ya koya maka?"

"Babanmu. Ba a nuna wa kowa wannan ƙarfe sai wanda ya gaji keke."

"Har yanzu ana yi?"

"Ina! Tun kafin yaƙin duniya samari suka koma sayen zoben zinariya a birni. Na ƙarshe da na yi, ga mai shi can a bakin ƙofa."

Concezia ta tafi ta dawo da wani abu naɗe a farin ƙyalle. Irin wannan mazari ba a kaɗi da shi, ba a ajiye shi a fili. A ƙasan akwatin aure mace ke ɓoye shi, ba ya fitowa sai rigima ta taso. Nata ya yi baƙi don tsufa, zobbansa uku suna nan. Ta ce na Inna ma yana wurinta. Wato shekara talatin ina cin abinci a ɗakin da ke maƙwabtaka da amsar, na kwashi jiki na tafi Roma nemanta. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Ga shi Farfesa Maigida ta kira shi, kamar yadda ake kiran gwanin sana'a. Ni tun safe Malam Colasante take ce mini.

Na raka Farfesa mota. A hanya ta dafa ni ta ce kada in damu, kowa a sana'armu ya taɓa cin ƙasa. Sai ta gaya mini dokar ƙamus ɗinsu: ba sa kafa hujja da maganar baki, sai abin da aka buga a takarda, da sunan wanda ya rubuta. Yayana ba zai iya rubutawa ba. Saboda haka ni zan sake sabuwar maƙala, in bayyana yadda ake yin zobban, su kuma su ambace ni. "Amma ka sa sunansa da kyau," ta ce, "da na mahaifinku. Kalmar tasu ce."

Sau uku na rubuta maƙalar. A ta farko na sa Panfilo ɗan Serafino Colasante, mai juyi a Roccafusa. Na karanta, na ji kamar na haɗiye ƙaya. A ta biyu na sa harafin farko na sunansa kawai. A ta uku na rubuta, "kamar yadda wani masassaƙi na yankin ya nuna." Ita na aika. Kuma da Latin na rubuta ta daga farko har ƙarshe, da gangan, don kada wani a garinmu ya iya karantawa. Ba zan ce shaiɗan ne ba. Ni ne, da hankalina, da rana tsaka. Ya samu keke, ya samu hannun Baba, ya samu Concezia da gari duka. Layi ɗaya nake so wanda ba ya ciki.

Farfesa ta aiko mini da kati mai jimla biyu, na godiya, a sanyaye. Ƙamus ya fito bayan shekara bakwai, da sunana, E. Colasante, daidai inda aka ce. Na ɗauko ƙaton littafin na kai teburin Lahadi ina jiran in ga fuskar Panfilo ta canza. Sai mutumin nan ya tashi ya rungume ni har tabarauna ya karkace. Ya ɗauki littafin ya kai shagon kofi, ya sa kowa ya wanke hannu kafin ya taɓa, ya sayi giya wa duk wanda ke wurin. "Ku ga ɗan gidanmu! Har Jamus ana karanta shi!" Ya yi wa littafin abin ɗorawa da itacen goro mai ƙafa uku. Ya karɓi kwafin maƙalar ya yi mata firam ya rataye a saman keke. Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Ko a kirki ma sai da ya kayar da ni.

Ƙurar itace ba ta barin masu juyi su tsufa sosai. Ta ci Baba, Panfilo ma ta zo kansa. Bara da rani ya daina taka keke, ya koma zama a bakin shago yana shan rana, bargo a gwiwa, tari yana girgiza shi. Wata ranar Alhamis na biya da hantsi, ya nuna mini kujera. Ya aiki Concezia ta sauko da firam ɗin. A kan gilashin, wajen tsakiyar shafi na biyu, akwai wani baƙin tabo na babban yatsa, irin wanda ba ya samuwa a rana ɗaya. Ban buƙaci tabarau ba don in san kalmomin da ke ƙarƙashinsa.

"Wani masassaƙi na yankin," ya ce. "Fada Liborio ya karanta mini tun makon da na rataye ta."

Na ce, "Yaya..."

"Bari. Ni na san ko wane ne, ya ishe ni. Da dai ka sa na Baba." Ya yi tari mai tsawo, ya goge baki. "Amma tsaya, kada ka fara yi mini fuskar makoki, ni ma ina da nawa. Ka tuna ranar da ka karanta mana ta farkon, mai zane uku? Concezia za ta gaya maka, na toshe mata baki da cuku."

"Ka sani tun lokacin?"

"Tun kafin ka kai ƙarshen jimla. Shekara shida ina riƙe da shi. Na ce in ya shigo shago ya tambaye ni, zan nuna masa. Ba ka shigo ba. Da na ji babbar mace za ta zo daga arewa, sai na wasa ƙarfen nan tun ana saura kwana uku."

"Ka yi ne don ka kunyata ni."

"Sosai ma. Kuma na ji daɗi, Allah ya yafe mini." Ya yi dariya, tari ya katse ta. "Kai kana tsammanin ranar da Inna ta kaɗa mazarai ni murna na yi? Ni nake son tafiya, Ermete. Fada na lokacin ya taɓa nuna mini taswira, na kwana bakwai ina mafarkinta. Hannuna ne ya ci amanata, ya ƙi yin kuskure. Kai ka hau mota da sabon takalmi, ni aka ba ni tsintsiya. Duk Lahadin da ka shigo da kwat ɗin nan da littafi a hammata, ji nake da ma ni ne kai."

Ya kamata in ce na yi kuka. Daga baya na yi. Amma a wannan lokacin, tsakani da Allah, wani daɗi ne ya ratsa ni tun daga kai har ƙafa. Panfilo yana kishina! Shekara hamsin da huɗu! Ba wanda ya taɓa ba ni kyautar da ta kai wannan. Ya ga abin a fuskata, ya nuna ni da yatsa ya ce wa matarsa, "Dube shi, Concè, ɗan banza, murna yake yi."

"Ku biyun duka Allah ya shirye ku," in ji ta. "Tsofaffi da furfura, kuna faɗa a kan guntun itace."

Washegari na rubuta wa masu ƙamus cewa a gyara, a sa sunansa da na Baba. Farfesa Morandin ta riga ta rasu. Wani saurayi ne ya ba ni amsa, cikin ladabi: harafin D an buga an gama, yanzu suna kan M, ba za a koma baya ba sai an kai ƙarshe an sake sabon bugu, watakila nan da shekara sittin. Amsar ta iso kwana tara bayan mun binne shi.

A garinmu in mutum mai daraja ya mutu akan sa masa layin Latin a dutsen kabari, kuma shekara talatin ni ake zuwa wa. Na rubuta wa likita, na rubuta wa magajin gari biyu, duk da dogayen jimloli na ƙarya. Concezia ta zo ta tsaya a ƙofar ɗakina da baƙaƙen kaya, ba wasa a bakinta wannan karon. Ta ce, "Ka rubuta masa. Amma wanda zan iya karantawa." Na ba mai sassaƙar dutse takarda: Panfilo ɗan Serafino Colasante, manyan haruffa, a ƙasa kuma kalma ɗaya, DETORNAVIT. Ya tambaye ni ko in sa sunan wanda ya tsara a gefe, kamar yadda na saba. Na ce a'a, kuma sai da na ciji leɓe kafin na faɗa.

Makullin shagon yana hannuna yanzu, don 'ya'yansa mata ne kuma suna Torino. Da hantsi nakan shiga in cire kwat in taka keken. Na gano inda ƙarfen yake. Zuwa yau zobe goma sha ɗaya na fasa, Concezia tana hura murhu da su, tana cewa aƙalla na fara amfani a gidan.

Makon jiya sabuwar malamar Latin ta kawo ɗalibanta maƙabarta don su ga dutsen. Ina can ina canza ruwan furanni. Na ji tana gaya musu cewa wannan kalma ba a cika samunta ba, a nan garin ana kiranta kalmar Panfilo. Kalmar da na je Roma sau biyu dominta! Wata yarinya mai kitso biyu ta lura da ni, ta matso ta ce, "Baba, ka san shi ne?"

Ina da amsoshi da yawa. Kwali talatin da ɗaya gare ni, da suna a Berlin. Na ajiye butar ruwan na ce mata, "Ni ne ƙanensa."